Satifiket ba ya buɗe ƙofa

Ranar 11 ga Satumba 2012 wuta ta kama wani kamfanin ɗinki a unguwar Baldia da ke Karachi a Pakistan, sunansa Ali Enterprises, suna ɗinka wa wani kamfanin Jamus mai suna KiK wandunan jins. Mutum sama da 250 suka rasu a ciki. Tagogi duk an sa musu ƙarafa, ƙofofin da ya kamata a bi a tsira a kulle suke, mutane suka cunkushe a hanya ɗaya hayaƙi ya gama da su. Daga baya kotu ta ce da gangan wasu suka cinna wutar, to ko ma wa ya cinna ta, rashin hanyar fita ne ya kashe bayin Allah nan. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne, kamar sati uku kacal kafin gobarar an ba wannan kamfanin satifiket na SA8000, wato takardar shaidar cewa an bincika an ga wurin ya cika sharuɗɗan lafiya da haƙƙin ma'aikata. Wani kamfanin bincike na Italiya, RINA, shi ya bayar.

Tun da na san wannan labarin, duk sanda na ga wani babban kamfanin tufafi ya fito yana cewa ai mu muna aika masu bincike masana'antun da ke mana ɗinki, tambayata ba ta wuce biyu, wa ya biya mai binciken, kuma in ya ga ɓarna wa zai kai wa ƙara? Kuma gaskiya ba ni na fara wannan tambayar ba. Wasu yara 'yan jami'a ne a Amurka suka fara yin ta da ƙarfi tun wajen 1998, aka yi ta ce musu ba su san duniya ba, ni kuma a ganina sun fi manyan da ke musu faɗan sanin inda gizo ke saƙa.

Bari in ɗan koma baya. Jami'o'in Amurka suna samun kuɗi sosai da sunansu. Riga, suwaita, hular hana-salla, duk abin da aka buga wa tambarin jami'a sai kamfani ya karɓi lasisi a wajenta, Nike ne ko Adidas ko Reebok ko Russell, kuma jami'a tana da kasonta a duk abin da aka sayar. Su waɗannan kamfanonin yawanci ba su da keken ɗinki ko guda, oda kawai suke bayarwa ga wani mai masana'anta a Honduras ko Meziko ko Indonesiya, shi ya ɗauki mata matasa ya ɗinka ya aiko. A 1996 aka fallasa cewa kayan da ake sayarwa da sunan Kathie Lee Gifford, wata shahararriyar mai shirin talabijin, 'yan mata ƙanana ne ke ɗinka su a Honduras. A 1997 wani rahoton sirri da kamfanin Ernst & Young ya yi wa Nike kan wata masana'antar takalma a Vietnam ya fita waje, aka ga ashe sun san ma'aikata na shaƙar sinadari mai cutarwa fiye da ƙima, rahoton yana nan a ajiye ba wanda ya ji. Sai ɗalibai suka duba rigar da ke jikinsu suka ce to wannan fa, a ina aka ɗinka ta? A 1998 suka kafa ƙungiyarsu United Students Against Sweatshops, wadda ake taƙaitawa USAS.

Abin da suka fara nema shi ne ya fi burge ni, don ba wani dogon turanci ba ne. Adireshi. A gaya mana sunan masana'antar da garin da take. Kamfanoni suka ce a'a wannan sirrin kasuwanci ne, in muka faɗa abokan gasa za su kwashe mana masu ɗinki. A watan Janairu 1999 ɗaliban jami'ar Duke suka shiga ofishin shugabar jami'ar suka yi zaman dirshan na awa 31 sai da aka amince za a tilasta wa masu lasisi su bayyana inda ake ɗinkin, daga nan abin ya bazu zuwa Georgetown da Wisconsin da Michigan. Kafin ƙarshen wannan shekarar Nike ta fitar da sunayen wasu masana'antun da ke ɗinka kayan jami'o'i, a 2005 kuma ta fitar da jerin sama da 700. Sirrin da aka ce in ya fita kasuwa za ta rushe ya fita, ba abin da ya rushe. Kuma ku duba hikimar abin, muddin ba a san inda wuri yake ba to duk abin da kamfani ya faɗa shi ke nan, ba mai iya ƙaryata shi, amma da zarar an san adireshi ɗan jarida zai iya zuwa, 'yan ƙwadago za su iya zuwa, ita kanta mai ɗinkin za ta iya cewa wannan tambarin da nake liƙawa kullum na makaranta kaza ne, bari in aika musu su ji halin da nake ciki.

Rigima ta biyu ita ce ainihin maganata. Gwamnatin Clinton ta tara kamfanoni da wasu ƙungiyoyi tun 1996, daga wannan zaman aka samu Fair Labor Association, FLA, a 1999, jami'o'i da yawa suka yi rububin shiga don su huta da surutun ɗalibai. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, dalilinsu kuwa su kamfanonin da za a bincika suna da kujeru a hukumar gudanarwar, an ba kura ajiyar nama ke nan. Suka haɗa kai da 'yan ƙwadago da wasu malamai suka kafa tasu a 2000, Worker Rights Consortium, WRC, wadda babu kamfani a hukumarta, jami'o'i ne ke biyan kuɗin shiga daga abin da suke samu na lasisi, ana sauraren koken ma'aikata ne kai tsaye, kuma rahoto in an gama a fili ake sa shi kowa ya karanta. A Pennsylvania sai da ɗalibai suka kwana tara a ofishin shugabar jami'a a watan Fabrairu 2000, a Wisconsin 'yan sanda suka kwashe mutum 54. In kana son ka san ko wannan bambancin na gaske ne, dubi abin da ya faru a Oregon. Jami'ar ta shiga WRC a watan Afrilu 2000, nan take Phil Knight, mai Nike, wanda tsohon ɗalibin makarantar ne, ya janye gudummawar dala miliyan 30 da ya yi niyyar bayarwa. Ba a daɗe ba jami'ar ta fita daga WRC. Ruwa ba ya tsami banza, mutum ba zai janye irin wannan kuɗin a kan ƙungiyar da ba ta da haƙori ba.

Wanda bai san yadda binciken kamfani yake gudana ba zai ce ai bincike bincike ne. To ga yadda masu bin diddigin harkar suka sha ba da labari. Manaja ya san ranar da odita zai zo, ko an sanar da shi ko ya ji a bakin wani. Daren ranar a share ko'ina, a kwashe dilolin yadin da suka toshe matakala, a cire kwaɗon da ke ƙofar baya, a raba takunkumin rufe hanci sabo fil daga leda, waɗanda shekarunsu ba su kai ba a ce su zauna a gida gobe. Littafin awoyin aiki biyu ne, akwai na gaskiya akwai na nuna wa baƙo. Odita ya iso, yana da yini ɗaya ko biyu da doguwar takarda mai akwatuna da zai yi ta sa wa alama, a kira masa ma'aikata biyar ko goma zuwa wani ɗaki a cikin masana'antar, sufabaiza yana tsaye a bakin ƙofa yana ganin wadda ta shiga da wadda ta fito. Ya tambaye ta ana tilasta miki obataim? Ta ce a'a. Me kuke so ta ce? Shi gobe jirgi zai hau, ita kuwa gobe da safe wannan sufabaizan za ta gaisar. Kuma shi kansa oditan ba lallai mugu ba ne, amma kamfaninsa kasuwa yake nema, wanda ya cika tsanani ba a sake kiransa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Masu binciken WRC ba a masana'anta suke fara magana da ma'aikata ba, gida suke bin su, ko wani wuri can nesa da idon manaja, ta hannun mutanen garin da ma'aikatan suka yarda da su. Wannan ɗan bambancin na inda aka zauna aka yi hirar, wallahi shi ne rabin aikin.

Gwajin farko ya zo a Janairu 2001 a garin Atlixco na jihar Puebla a Meziko, a wata masana'anta ta 'yan Koriya ta Kudu mai suna Kukdong da ke ɗinka wa Nike da Reebok suwaitocin jami'o'i. Abin daga abinci ya faro. Ma'aikata suka yi ta kukan ana ba su ruɓaɓɓen abinci a kantin masana'antar har da tsutsa, suka ƙaurace wa cin abincin, sai aka kori mutum biyar da ake ganin su ne jagorori. Ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu mata matasa daga ƙauyukan kewaye, suka ajiye aiki suka zauna a harabar, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka tarwatsa su da duka. Akwai wata ƙungiyar ƙwadago a wurin tun farko amma ta jeka-na-yi-ka ce, da manajoji ta ƙulla yarjejeniya ma'aikata ba su ma zaɓe ta ba. WRC ta aika tawaga cikin 'yan kwanaki, ta fitar da rahoto, ɗalibai suka ɗauki rahoton suka tsaya a kan shugabannin jami'o'insu, su kuma suka matsa wa Nike, Nike ta matsa wa mai masana'anta. Aka mayar da mutane bakin aiki, zuwa Satumba na wannan shekarar ma'aikatan suka samu ƙungiyar kansu da hukuma ta amince da ita. Ku lura da wanda ya fara. Ba ɗalibi ba ne ya je ya ceto kowa, matan nan su suka tashi, su suka sha kulki, abin da ɗalibai suka yi shi ne suka sa korarsu ta zama mai tsada ga kamfani.

Na Honduras ya fi wannan girma. Kamfanin Russell Athletic ya rufe masana'antarsa Jerzees de Honduras a garin Choloma a farkon 2009, mutum 1,200 suka rasa aiki, ana tsaka da tattaunawa da sabuwar ƙungiyar ma'aikatan wurin. Kamfani ya ce kasuwa ce ta faɗi, WRC ta ce shaidu sun nuna ƙin jinin ƙungiyar na cikin dalilan rufewar. Ɗalibai suka ɗauko wasu daga cikin ma'aikatan da aka sallama suka yi ta zagayawa da su makaranta makaranta suna ba da labari da bakinsu, jami'o'i kusan 100 suka yanke ko suka dakatar da lasisin Russell, har ita FLA ɗin daga baya ta sa kamfanin a ƙarƙashin sa ido na musamman. A watan Nuwamba 2009 Russell ya sauko, ya yarda zai buɗe sabuwar masana'anta ya mayar da mutanen aiki kuma ba zai tsoma baki a harkar ƙungiya ba. A 2010 Nike ta biya dala miliyan 1.54 ga ma'aikatan wasu masana'antu biyu da aka rufe a Honduras ba a ba su kuɗin sallama ba, a 2013 Adidas ma ta biya a kan PT Kizone ta Indonesiya wadda mai ita ya gudu ya bar ma'aikata kusan 2,800 hannu rabbana, bayan ta daɗe tana cewa ba ita ta ɗauke su aiki ba.

Na san akwai masu ganin duk wannan son a sani ne na 'ya'yan masu hali. Akwai kuma hujja mai nauyi da masana tattalin arziki irin su Paul Krugman suka kawo tun 1997, cewa aikin masana'anta komai muninsa ya fi abin da matalauciyar ƙauye za ta samu in babu shi, kuma ƙasashe da yawa ta wannan hanyar suka fara tasowa. Ban raina wannan maganar ba sam. An ma ga misali, a farkon shekarun 1990 da Sanata Tom Harkin ya kawo ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi, masana'antun Bangaladash suka sallami dubban yara cikin tsoro, wasunsu suka faɗa ayyukan da suka fi na farko haɗari, an gudu gara an faɗa gidan zago. Amma wanda ya jefi ɗaliban nan da wannan hujjar bai saurari abin da suke cewa ba. Ba su ce a rufe masana'anta ba, ba su ce a dawo da ɗinki Amurka ba. A Kukdong roƙon Nike suka yi ta yi kada ta janye oda, a Choloma faɗan gaba ɗaya a kan a buɗe abin da aka rufe ne. Eh, macen tana son aikin, shi ya sa take faɗa a kansa. Amma son aiki ba ya nufin ta yarda a kulle mata ƙofa, kuma buɗe ƙofa bai taɓa talauta wata ƙasa ba.

Inda nake ganin tafiyar ta yi rauni daban ne, kuma su ma sun sani. A Jamhuriyar Dominika akwai wata masana'antar huluna, BJ&B, a garin Villa Altagracia, ma'aikata da taimakon ɗalibai suka samu ƙungiya da ƙarin albashi a 2003, kowa ya yi murna, sai oda ta yi ta raguwa a hankali tana komawa inda ya fi araha, a 2007 aka rufe wurin. Nan ne asalin ciwon. Kamfani da hannun dama yana aiko da takardar ƙa'idoji, kada a yi obataim na dole, a biya albashi daidai, da hannun hagu kuma sashen sayen kayansa yana cewa rage farashi, kawo kaya nan da sati kaza ko mu tafi wani wuri. Mai masana'anta ya san wanne hannu ne ke ba shi abinci. To ina zai fanshe? A jikin mai ɗinki, da wayar lantarkin da bai gyara ba, da benen da ya ƙara a kan ginin da ba zai ɗauka ba. Alhali kuɗin ɗinki a farashin riga ɗan kaɗan ne ƙwarai, ƙiyasin da aka saba ji bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. A 2010 an buɗe masana'antar Alta Gracia a wannan garin tana biyan fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashi kuma kayanta sun shiga kantunan jami'o'i, an nuna abin yana yiwuwa, amma guda ɗaya ce a cikin dubbai.

Sai Rana Plaza. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga ginin ya tsattsage, bene mai hawa takwas a Savar kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladash, masana'antun ɗinki biyar a ciki. Injiniya ya duba ya ce akwai haɗari, bankin da ke ƙasa da shaguna suka rufe suka sallami mutanensu. Washegari da safe masu ɗinki suka taru a waje suna tsoron shiga, aka ce musu duk wanda bai shiga ba to ya manta da albashin wata, albashin da mafi ƙarancinsa a lokacin taka 3,000 ne a kuɗin ƙasar, wajen dala 38. Suka shiga. Aka ɗauke wuta, aka tayar da manyan janareto da ke saman benen, ginin ya girgiza ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, wajen 2,500 suka ji rauni. Wasu daga cikin masana'antun da ke ginin an taɓa bincikar su sun wuce. Ni abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan, matan nan ba sa bukatar odita ya gaya musu ginin zai faɗi, da idonsu suka ga tsagar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da suka rasa shi ne ikon cewa ba za mu shiga ba, ba tare da sun rasa abincin 'ya'yansu ba. Kuma wanda ke ƙoƙarin samar musu da wannan ikon ba ya kwana lafiya, shekara guda kafin nan aka tsinci gawar Aminul Islam, mai haɗa kan ma'aikatan ɗinki, da alamun azabtarwa a jikinsa.

A watan Mayu 2013 aka sa hannu a yarjejeniyar kare gobara da lafiyar gine-gine ta Bangaladash, kuma in ka duba ta da kyau za ka ga tunanin yaran nan ne ya girma. Kamfanoni sama da 200 suka shiga tare da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya IndustriALL da UNI da na cikin ƙasar, WRC na cikin shaidu. Injiniyoyi masu zaman kansu ke dubawa, ana buga sakamako a fili, ma'aikaci yana da 'yancin ƙin shiga wuri mai haɗari, masana'antar da ta ƙi gyara a daina ba ta oda, kuma kamfanin da ya saɓa ana iya gurfanar da shi gaban masu sasanci hukunci ya hau kansa. Masana'antu sama da 1,600 aka bi. Walmart da Gap suka ƙi shiga suka kafa tasu daban, ɗalibai kuma suka koma ofisoshin shugabannin jami'o'i suna neman a sa wa masu lasisi sharaɗin sa hannu. A 2019 an yi irin wannan yarjejeniya a Lesotho bayan WRC ta bankaɗo yadda manajoji da sufabaizoji ke lalata da mata masu ɗinkin jins a masana'antun Nien Hsing da sunan ba su aiki, Levi Strauss na cikin waɗanda suka sa hannu. Pakistan kuwa sai 2023 tsarin ya isa can, sama da shekara goma bayan Baldia.

Ban ce an gama ba, ko kusa. Gini ya fi da lafiya amma albashi har yanzu na yunwa ne, a 2023 ma'aikatan Bangaladash sun nemi taka 23,000 aka ba su 12,500, an kashe mutane a zanga-zangar. Lokacin korona a 2020 manyan kamfanoni suka soke odar biliyoyin daloli har da kayan da aka riga aka ɗinka. Kayan jami'o'i kuma ɗan yanki ne ƙarami a kasuwar tufafi, igiyar da ɗalibai ke riƙe da ita ba ta kai ko'ina ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ɗalibi shekara huɗu yake yi ya tafi, kamfani kuwa yana nan da lauyoyinsa yana jira. A ƙarshen 2015 Nike ta hana WRC shiga masana'antar Hansae a Vietnam inda ma'aikata ke yawan suma a bakin aiki saboda zafi da matsi, kamar ba a taɓa yin wancan faɗan ba. Sai da wasu sababbin ɗalibai a Georgetown suka sake shiga ofishin shugaban jami'a a watan Disamba 2016 suka zauna, wasu makarantun suka fara maganar yanke kwangila, kafin a 2017 Nike ta yarda da tsarin da zai bar masu binciken su shiga. Yaran da suka yi wannan zaman, lokacin da aka yi na Duke a 1999 yawancinsu ko makarantar firamare ba su shiga ba.